An yanke wa maƙwabcinmu hukuncin kisa a kan Baffana, amma akwai abin da na sani

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye min suna, akwai 'yan garinmu a nan.

Ni ɗan acaɓa ne a wani ƙauye gabas da Kano. Shekara 4 ke nan, da kaka, aka tsinci gawar Baffana ƙanin mahaifina a gona ranar Juma'a da sassafe, an sare shi, ya je kwanan gadin dawa ne. Kafin a sauko masallaci gari ya ɗauka cewa maƙwabcin gonarsa ne, don sun daɗe suna rigimar iyaka har sau biyu ana zama gaban mai unguwa, kuma an taɓa jin ya ce wa Baffa zai gane kurensa. Da magariba yana shigowa gari aka damƙe shi.

To ga abin da ya hana ni barci. Ranar Alhamis bayan la'asar ni da kaina na ɗauke shi a mashin na kai shi bakin titi, da igiyar shanu a kafaɗarsa, ya ce Wudil za shi, zai kwana wajen dillalinsa don ya riski kara, kasuwar shanu, da wuri tunda Juma'a take ci. Ina tsaye ya shiga mota. Ya ce ba shi da canji in bari ya dawo, har yau ina bin sa ɗari biyu.

Na faɗa wa Baba tun a zaman makoki, ya ce in rufe bakina, in na je kotu na tsaya wa wanda ya kashe masa ƙani bai yafe min ba. Sai na yi shiru. Shaidar da aka kafa a kotu ɗan Baffa ne, ya ce ya haska shi da tocila ya gan shi yana gudu, alhali ranar sadakar uku da kunnena na ji ya ce bai ga fuska ba. Sai kuma wata takarda da Turanci da aka ce ya amsa laifi ya dangwala, mutumin da ko ajin farko na boko bai yi ba, allo kawai ya sani, kuma da aka fito da shi daga caji ofis da ƙyar yake taka ƙafa.

Yau kwana 40 da babbar kotu ta yanke masa rataya. 'Yarsa ƙarama kullum sai ta kawo tallan gyaɗa inda muke tsayawa, wallahi ba na iya kallon ta. Ban ce na san wanda ya kashe Baffa ba, kuma ban rantse ba shi ba ne. Me zan yi? Ko bakin alƙalami ya riga ya bushe?

Maman Biyu:
Innalillahi. Ɗana ka yi nauyin baki gaskiya, shekara huɗu fa! Amma tunda da ransa ka tashi ka faɗa, Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Ɗan Kara:
Ni dai a yi hattara. Wudil ba Makka ba ce, mutum zai iya shiga mota a gabanka da la'asar ya hau mashin ya dawo da tsakar dare ya yi abin da zai yi ya koma kafin asuba, ƙila ma don ka gan shi ya sa ya hau mashin ɗinka. Alƙali ya yi shekara huɗu yana sauraro, kai minti goma ka gani. Kada ka jawo wa kanka bakin uba a kan abin da ba ka da tabbas.

Barista:
Ɗan Kara maganarka tana kan hanya ta wani ɓangare, abin da ya gani bai wanke mutumin ba. Amma a shari'ar kisa ba wanda ake tuhuma ne zai wanke kansa ba, masu gabatar da ƙara ne za su kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba. In kokwanto mai ma'ana ya shigo, wanda ake tuhuma ne zai amfana.

Mai tambaya, fara da lissafin kwana, shi ne ya fi komai gaggawa. Ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi kwana 90 ne daga ranar hukunci, an ci 40, saura 50. Wanda aka yanke wa kisa haƙƙinsa ne kai tsaye a tsarin mulki, ba sai ya nemi izini ba. Kotun ɗaukaka ƙara tana da reshe a nan Kano yanzu, ba kamar da ba da sai an tafi Kaduna. In ma can ba a dace ba akwai Kotun Ƙoli, ita kuma kwana 30 ne. To ka fara bincika, iyalinsa sun shigar da afil ko suna gida suna kuka kawai? A ƙauye sau da yawa nan ake yin asara. In ba su da kuɗin lauya su je ofishin Legal Aid, hukumar gwamnatin tarayya ce da take ba marasa hali lauya kyauta. A nemi kwafin hukuncin da na duk zaman da aka yi.

Batun takarda kuma. Sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ce ikirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa ba a karɓar sa, kuma tun 2017 akwai dokar da ta mai da azabtarwar kanta laifi. Amma fa sai in lauyansa ya tashi ya yi suka lokacin da aka miƙa takardar, a nan ne alƙali yake tsayawa ya yi wata 'yar ƙaramar shari'a a kan yadda aka samo ta. In lauya ya yi shiru a lokacin, tayar da maganar a sama akwai wuya. Abin da na fi so a duba shi ne harshe. Da Hausa ya yi bayani, wa ya juya shi Turanci? Ina na Hausar? In tafinta aka yi amfani da shi kuma ba a kira shi ya ba da shaida ba, kotunan sama sun sha watsar da irin wannan takarda. Sannan a duba ko tun a caji ofis ya ce musu yana Wudil. In ya faɗa tun farko har da wajen wanda ya kwana, wajibi ne 'yan sanda su je su bincika, in ba su je ba wannan ma ƙofa ce.

Taka shaidar kuma ba zan yaudare ka ba. Kotun ɗaukaka ƙara takardun kotun farko take karantawa, ba ta cika karɓar sabuwar shaida ba, sai an nemi izini an nuna cewa ba yadda za a yi a same ta tun farko, kuma mai ƙarfi ce abar gaskatawa. Za a ce ai shi ya san kai ka ɗauke shi, me ya sa bai kira ka ba? Duk da haka ka je ka faɗa wa lauyan komai, shi zai san inda zai sa ta.

Mai tambaya:
Barista na gode. Ya aiko ƙaninsa wajena sau biyu lokacin shari'ar, ni ne na ɓuya. To in muka lallaɓa Baba da 'ya'yan Baffa suka ce sun yafe, ba za a sake shi ba?

Barista:
Wannan aiken da ya yi ka faɗa wa lauya, yana da amfani. Yafiya kuwa, da a kotun shari'ar Musulunci aka yi hukuncin ƙisasi, magada suna da ikon yafewa ko karɓar diyya. Amma tunda ka ce babbar kotu, kusan tabbas da sashe na 221 na final kod, wato kundin dokokin laifuka, aka kama shi, a nan jiha ce mai ƙara ba ku ba, yafiyarku ba ta goge hukunci. Inda take aiki shi ne wajen neman afuwar gwamna a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki, akwai kwamitin da yake ba shi shawara. Amma afuwa ta mai laifi ce, ku fara da afil.

Malam Na Tsangaya:
Ɗana, Allah ya ce a ƙarshen Baƙara, aya ta 283, kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. A Nisa'i aya ta 135 kuma ya ce a tsaya da adalci a yi shaida don Allah ko da a kan kanku ne ko iyaye da dangi. Ka ga har iyayen an ambata. Babu biyayya ga mahaifi a saɓon Allah, kuma bakin da aka yi a kan ka faɗi gaskiya ba abin tsoro ba ne. Sai dai mahaifinka ƙaninsa aka yanka masa, ciwo ne yake magana, kada ka je masa da gadara ko ka ja masa aya a gaban mutane. Ka sami limaminku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ku je tare da daddare. Kuma iya abin da ka gani za ka faɗa, kada tausayi ya sa ka ƙara ko kalma ɗaya.

Yayan Wani Fursuna:
Wani zai ce maka ai gwamnoni ba sa sa hannu yanzu, ka kwantar da hankali. Gaskiya ne an daɗe, na ƙarshe da aka ji a Edo ne, 2013 da 2016. Amma ni ƙanina ya yi shekara 6 a ciki kafin a sallame shi a afil, ya fito ba haƙora, matarsa ta yi aure, uwarmu ta rasu bai gan ta ba. Rashin rataya ba shi ne rayuwa ba. Kuma shigar da afil ɗin kariya ce, doka ta hana a zartar da kisa ana cikin ɗaukaka ƙara, tun shari'ar Nasiru Bello da aka kashe a Oyo afil ɗinsa na gaban kotu, Kotun Ƙoli ta ce a 1986 an saɓa doka.

Hajiya Mai Koko:
Ni tsorona ɗan Baffan naka. In ya ji kana cewa ya canja magana, gari ɗaya kuke, kuma kai da dare kake aiki a hanya. Kada ka tunkare shi, kada ka yi zancen a majalisa ko wajen mai shayi. Lauya kawai.

Ɗan Kara:
To ni in gyara tawa. In da gaske a Wudil ya kwana, ba kai ne babban shaida ba, dillalin ne. Duk wanda yake harkar kara ya san baƙo ba ya kwana shi kaɗai, a zaure ake jeruwa, wani lokaci mutum goma, ana hira har dare ya raba, da asuba a tafi masallaci tare. A nemo maigidan da yaransa, in ya sayi dabba akwai wanda ya sayar masa da wanda ya karɓi la'ada, ƙila har da rasit. In sun ce ya kwana a cikinsu na janye maganata. In kuma suka ce ba su gan shi ba sai da hantsi, to ka ga kai ma ka huta.

Mai tambaya:
Na gode muku duka. Ɗazu bayan isha na je gidan, na sami ƙanin nasa a waje. Ba su shigar da komai ba, lauyan da ya tsaya musu tun ranar hukunci ba su ƙara jin sa ba, su a zatonsu an gama. Ya ce dillalin yana nan da rai, bai taɓa zuwa kotu ba don ba wanda ya kira shi. Mun yi da shi Litinin zan ɗauke shi mu shiga Kano wajen Legal Aid, Juma'a kuma mu je Wudil. Baba ban faɗa masa ba tukuna, gobe bayan asuba zan tsaya in ga liman. Barista, in za mu je akwai wata takarda da za mu riƙo, ko lambar shari'ar kawai ta isa?

Barista:
Lambar shari'a, ranar da aka yanke hukunci, da sunan gidan gyaran halin da yake. Ku fita da wuri.