Idon kyanwa da dare: abin da muka tattaro

Da muka tattauna kan ganin kyanwa da dare, gyaran farko da aka yi shi ne kan zaton cewa tana gani ko babu haske sam: ba ta gani a duhu ƙirin. Ɗan haske take buƙata, kusan kashi 1 cikin 6 na abin da mutum ke buƙata. Ƙwayar idonta da ke tsukewa kamar tsagar reza da rana, da dare sai ta buɗe fal. A can bayan idon kuma akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi, yana mayar da hasken ya sake ratsa idon. Shi ke sa idonta walƙiya in ka haska tocila.

Kan lafiya, an fi jaddada abinci. Rashin wani sinadari mai suna taurine da ke cikin nama yana lalata gani a hankali, don haka abincin kare ba nata ba ne. Kwantsa kuwa a goge da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, kowane ido da audugarsa. Kar a ɗiga mata maganin idon mutane.

Abin da ya fi tsaya min a rai tsohuwar kyanwa ce. In ta fara karo da kujeru, ƙwayar idon a buɗe ko cikin haske, ƙila hawan jini ne. A kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.