Katantanwa a cikin dutsen siminti, wa ya san kanta?

Direban_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin duwatsu a taimaka min. Ni direban tirela ne, siminti nake ɗaukowa daga Ewekoro ina kawowa Legas, na daɗe ina bin hanyar nan ta Ifo da Sango Ota. To ran Talata muna jiran lodi na sauka zan yi alwala, sai na ga wani ɓallin dutse fari-fari kamar dunƙulen hannu, ina juya shi sai ga katantanwa guda uku a jikinsa, ba wai manna su aka yi ba, su da dutsen sun zama abu ɗaya. Biyu dogaye ne masu tsini, na ƙirga zagayen babbar ya kai tara kafin inda ta karye. Ta ukun gajera ce mai tumbi irin wadda muke murzawa da yatsa muna yara tana juyi a ƙasa. Na kawo gida, yarona dake sakandare yace ai ana iya gane sunan kowacce daga ɓawonta kawai, tun ranar bai bar ni na huta ba. Gaskiya ne? Kuma me ya kai katantanwar ruwa can inda babu teku?

Maman_Ummi:
Wa alaikumus salam. Malam anya ba feriwinkul bane kuwa, ƙaramar katantanwar ruwan nan da ake ci? Nan Mile 12 kullum muna ganin masu saida shi, in sun cire naman sai a zubar da ɓawon buhu buhu, wasu su cike taɓo dashi a ƙofar gida wasu har kwaɓa shi suke da siminti madadin tsakuwa. Shima dogo ne mai tsini. Ka duba ko baƙi-baƙi ne mai ƙurji ko ƙayoyi a jiki, in haka ne to kankare ka tsinto.

Abu_Jiyoloji:
Hajiya ta yi gaskiya da ta fara da wannan, dole a tabbatar ba shi bane tukuna. Feriwinkul na cikin laka yake rayuwa inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, masana na kiransa Tympanotonos fuscatus. Amma Malam direba in dutsen naka babu yashin gini da tsakuwa a ciki, kuma launin katantanwar ɗaya ne da na dutsen, to abu mai daraja ka tsinta.

Dutsen da ake haƙa a Ewekoro ana yin siminti dashi asalinsa ƙasan teku ne, teku mara zurfi mai ɗumi, a zamanin da ake kira Faliyosin, tsakanin shekara miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce. Ɓawon halittun ruwa ne ya taru ya danne juna har ya daskare. Wani masanin duwatsu, Farfesa Adegoke, ya fitar da babban aiki a kan halittun wannan dutse a 1977, kuma katantanwa na da kaso mai yawa a ciki.

Yaronka ya yi daidai, naman ya ruɓe tuntuni, ɓawo kaɗai ya rage, dashi ake aiki. Ka riƙe ta tsinin na sama bakin na kallonka. Mafi yawan katantanwa bakin a hannun dama yake faɗowa, ta hagu kaɗan ce. Sai ka dubi tsawonta da faɗinta, zagaye nawa ne, kowane zagaye ya kumbura ne ko a shafe yake, tsagin dake tsakanin zagaye da zagaye mai zurfi ne ko a'a. Sai adon jiki, akwai layukan dake bin murɗin kamar zare a jikin mazari, akwai masu saukowa daga sama zuwa ƙasa kamar haƙarƙari, inda suka gitta juna wani lokaci sai ka ga ƙurji ya fito.

Amma ni dai a wurina baki shi ne alƙali, kuma abin takaici shi yake fara karyewa. Dogayen nan naka misali, akwai dangin katantanwa biyu, Turritella da Cerithium, daga nesa kamar wa da ƙani suke, bambancin a baki yake, na Turritella zagayayye ne ba tsagi, na Cerithium kuma yana da ɗan indararo a ƙasa. Gajerar mai tumbi ka kifa ta ka duba ko tana da rami a ƙasa kamar cibiya, dangin Natica haka suke. Su ɗin mafarauta ne, suna huda ɓawon 'yan uwansu su cinye naman, shi yasa in ka ga ƙaramin rami zagayayye tsaf a jikin wata kamar an sa na'ura, sau da yawa aikinsu ne.

Sunan kimiyya kuma kashi biyu ne, na farko na dangi na biyu na ainihin nau'in, tsarin da masanin halittu Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758. Na farkon ana iya kusantarsa daga hoto mai kyau. Na biyun kam duk wanda ya yanke maka shi daga hoton waya kar ka yarda, sai an auna an gwada da waɗanda aka riga aka bayyana.

Baba_Basakkwace:
Allahu akbar. Yaro ka tuna min gida. Mu a Kalambaina wajen kamfanin siminti na Sakkwato mun taso muna tsintar irin waɗanga, muna wasa da su ba mu san mi ne ba, ga Sakkwato ga teku ina aka haɗu. Ashe abu ɗaya ne da na nan kudu?

Abu_Jiyoloji:
Baba kusan tsara ɗaya ne, dutsen Kalambaina shima na Faliyosin ne. A lokacin ruwan teku ya shigo ta cikin Sahara har ya rufe yankin Sakkwato, masana da yawa ma na ganin ya taɓa haɗuwa da tekun kudu saboda kamannin halittun da ake samu a wuraren biyu. Na Ashaka a Gombe kuma ya girme su, can ne ake samun amonayit, wasu halittun teku na zamanin da masu naɗi a kwance kamar gammo. Mutane na ɗauka katantanwa ce, ba ita bace, cikinta ɗaki-ɗaki ne a rarrabe, katantanwa kuwa rami ɗaya ne tun daga baki har tsini.

Direban_Agege:
Kai na gode, Allah ya ƙara ilimi. Ni da yaron mun zauna da tocilan mun duba. Hajiya ba baƙa bace kuma ba tsakuwa, duka fari ne. Babbar tana da layuka huɗu dake bin murɗin, bakin ya ɗan gutsure amma zagayayye ne. Sai dai ta biyun sumul take ba layi ko ɗaya, kuma akwai ɗan fili tsakaninta da dutsen kamar an zare wani abu. Yaron yace mu jiƙa shi da ruwan batir ko dutsen zai narke su fito, nace a'a sai na tambaya.

Abu_Jiyoloji:
Dan Allah kar ku sa ruwan batir, ko lemon tsami ma kar ku sa, dutsen da katantanwar duk sinadari ɗaya ne, tare za su narke, ga haɗarin ƙona hannu. Tsohon buroshin haƙori da ruwa ya isa. Babbar ta yi kama da dangin Turritella, iya nan zan tsaya. Sumul ɗin kuma ba ɓawon bane, laka ce ta shiga ciki ta daskare sannan ɓawon ya narke ya bar wancan filin, wato cikon ciki ne kake gani, irinsa da wuya a sa masa suna. Amma ka leƙa bangon filin, sau da yawa adon ɓawon na nan a shate a jikin dutsen. Ka ce wa yaron ya rubuta wurin da ranar da aka tsinta a takarda ya ajiye tare da dutsen, sannan ku ɗauki hoto da rula a gefe, ɗaya ta baki ɗaya ta baya, ku turo nan mu gani.