Shin 4,294,967,297 tana rabuwa kuwa?

Malamin Aji Uku: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani ɗalibina mai taurin kai ya rubuta min 4,294,967,297 a allo, wai in faɗa ko akwai lambar da ke raba ta ba saura. Mara ce, don haka 2 ta fita. Jimillar alƙalumanta 59, ita ma 3 ta fita. Na yi ta danna kalkuleta har 97, aka kaɗa ƙararrawa. Ku fitar da ni kunya.

Baban Husna: Wa'alaikumus salam. Malam, yaron nan tarko ya ɗana maka! Jera 2 har guda 32, ka ninka su, ka ƙara 1, ita ce. Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda su ma ta irin wannan hanyar ake samun su, duk ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, sai ya zaci wannan ma haka take. A 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler ya nuna 641 sau 6,700,417 ce. Kuma waɗannan biyun ba sa ƙara rabuwa.

Mai Gyaran Kwamfuta: Cire mata ɗaya, ka samu adadin adireshin IPv4, wato lambobin da ake gane na'urori da su a intanet. Shi ya sa na gane ta nan take.

Malamin Aji Uku: 641? Ashe da na kwana ina dannawa.

Baban Husna: Akwai yanke, malam. Duk mai raba ta, in ka raba shi da 64 sai ya bar saura 1. Gwada irin waɗannan lambobi da su kansu ba sa rabuwa: 193, 257, 449, 577, a na biyar, wato 641, za ka cafke ta.