Iyayen da aka taɓa yi wa jaririnsu tiyata, yaya maganin barcin ya kasance?

Uwar goyo, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana wata biyu da haihuwa, likita ya ce yana da kaba, sai an yi masa aiki. Wallahi maganin barcin ya fi aikin tayar mini da hankali. Ɗan mitsitsin nan, yaya za a sa shi barci ya farka lafiya? Don Allah wanda ya taɓa gani ya ba ni labari.

Maman 'yan biyu, Mile 12:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. An yi wa Hasan ɗina irinsa. Abin da ya fi gigita ni hana shi nono. Suka ce daga awa 4 kafin aiki kada ya sha, da madarar gwangwani yake sha kuwa awa 6 ne. Yana tsala kuka, nono na jiƙa mini riga, ina goye da shi ina kai da komo a baranda. Surukata ta ce, "Ki ɗan ba shi mana, wa zai sani?" Na daure, don an gaya mini in ya yi barci da abu a ciki, yana iya dawowa ya shige huhu. Ki daure ke ma, 'yar uwa. Yana farkawa aka ce in ba shi.

Nas ɗin ɗakin tiyata, Idi-Araba:
Maman yaro, tsoronki yana kan hanya, mu ma ba ma ɗaukar jariri da wasa. Jikinsa na cin iskar oksijin kusan ninki biyu na babba in aka auna da nauyi, ajiyar huhunsa kuma kaɗan ce, don haka numfashi na tsayawa iskar jininsa ke faɗuwa nan take. Yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti, babba kuwa 12 zuwa 20. Zuciyarsa na bugawa 120 zuwa 160.

Jini fa? Jariri mai kilo 3 duk jinin jikinsa kusan mililita 250 ne, rabin ledar fiya wata ke nan. Shi ya sa har audugar da ta jiƙe muke lissafawa. Hanta da ƙoda ba su gama nuna ba, magani yakan daɗe a jikinsa, saboda haka sai an ɗora shi a sikeli a auna komai da nauyinsa. Ki tambaya ko likitan barcin ya saba da jarirai, haƙƙinki ne.

Direba, Alaba Rago:
Mu tun asuba muka fito, muka sha cunkoso, muna isa likitan barci ya ji 'yata na atishawa da majina, ya ce a ɗaga aikin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai ya zaunar da ni ya ce, "Alhaji, hanyar iskar jariri faɗinta bai wuce milimita 4 ba, harshensa kuma babba ne a bakinsa. Mura in ta kumbura wurin kaɗan, maƙogwaro na iya shaƙewa." Jikina ya yi sanyi. Da ta warke muka koma aka yi, yanzu har tana rarrafe.

Kakar yara, Obalende:
'Yata, in kin taɓa ba shi jiƙo ko agbon da ake tallansa a unguwa, ki faɗa musu, kada ki ji kunya. Jikana bakwaini ne, da aka gama aikin suka ce sai ya kwana, ga wata na'ura maƙale a ƙafarsa tana ƙara. Da suka fito da shi an naɗe shi ruf har da hula, duk zafin Legas. Na yi mamaki.

Nas ɗin ɗakin tiyata:
Hajiya, jariri ba ya iya karkarwa ya ɗumama kansa kamar mu, kan jariri kuma babba ne, zafi na fita ta nan da sauri. Sanyi yana jinkirta farkawa. Bakwaini kuwa yakan ɗauke numfashi bayan maganin barci, na'urar nan ita ke yi mana ƙararrawa. Duk wadda ɗanta bai cika wata tara a ciki ba, ta faɗa tun ranar da aka fara duba shi, kuma ta zo da shirin kwana.