Neman kalma: me za mu kira farin ruwan da ake haɗa rinin gashi da shi?

Mai Shagon Gyaran Gashi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kalma nake nema. Duk wadda ta taɓa sayen rinin gashi na kwali ta san abu biyu ne a ciki: ɗan bututu mai kirim, da 'yar kwalba mai farin ruwa mai kauri-kauri. Sai an haɗa su rinin yake aiki. Na bututun ba matsala, rini muke ce masa, wasu su ce dayis. Na kwalbar ne ba shi da suna. Mu a shago dibelofa muke cewa, yadda muka ji a bakin waɗanda suka koya mana sana'a, amma in na faɗa wa kwastoma haka sai ta tsaya tana kallona.

Takarda nake so in rubuta in manna a shago, in kuma tura wa mata ta WhatsApp, domin yanzu da yawa a gida suke rininsu. Ban ga laifinsu ba. Ga kuɗin mota, ga jiran layi, wata kuma ba ta son buɗe kanta a cikin mutane. To amma masu kayan kwalliya sun fara sayar da ruwan nan daban a manyan robobi, kuma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne: akwai mai 10, mai 20, mai 30, mai 40. Mace ta je ta ce a ba ta ruwan nan na haɗawa, yaron shago ya miƙo mata wanda hannunsa ya fara kaiwa. A taimaka da suna.

Hajiya Babba:
Wa alaikumussalam. 'Yata, ai mahaɗi ne. In za a kwaɓa lalle me ake cewa? A kawo mahaɗi: lemun tsami, sukari, ɗan muhallabiya. Wannan ma haka ne. Mahaɗin rini, shi ke nan.

'Yar Maraɗi:
Mu nan oksidan muke ce mishi, daga Faransanci, rinin kuma tentir. Amma gaskiya ko a nan sai masu shago ke ganewa. Ina bayan Hajiya.

Jikan Marina:
Ku yi haƙuri in sa baki, namiji a zancen mata. Rini sana'ar gidanmu ce. A marina, irin ta Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take aiki, baba shi kaɗai ba ya rina komai. Sai an zuba toka da katsi a karofi, an motsa, an bar shi kwanaki ya tashi. To tunda muna da kalma a sana'ar rini tun kaka da kakanni, me zai hana a ce ruwan toka, ko tokar rini?

Malamin Kimiyya:
Yaya Jikan Marina, karofin da ka kawo zai taimaka mana, amma ba ta inda ka nufa ba. Aikin tokar karofi akwai mai yin irinsa a rinin gashi, sai dai a cikin bututun yake, ba a kwalbar ba. Shi ne amoniya, mai warin nan da ke hawa kai yana sa hawaye. Shi yake kumbura silin gashi, ɓawon da ke jikinsa ya buɗe, rini ya samu hanyar shiga.

Ka tuna abin da ke faruwa in an tsamo zane daga karofi. Kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Aikin wannan iskar shi ne aikin ruwan kwalba. Sunansa haidirojin feroksaid, kuma iskar oksijin yake saki. Abu biyu yake yi a lokaci guda: yana cin baƙin da aka halicci gashin da shi, yana kuma sa ƙananan ƙwayoyin rini su haɗu su girma a cikin silin har su kasa fitowa. Shi ya sa wanki ba ya fitar da irin wannan rini, sai dai sabon gashi ya tsiro.

Lambobin da Anti ta ambata kuwa awon iskar ne. Mai 20 na nufin lita 1 tasa za ta saki lita 20 ta oksijin. Feroksaid ɗin da ke cikin mai 10 kashi 3 cikin 100 ne, mai 20 kashi 6, mai 30 kashi 9, mai 40 kashi 12. Don haka ruwan toka bai dace ba, zai sa a ɗauka wani abin ne daban.

Autan Gida:
To ai ga suna nan Malam ya faɗa da bakinsa. Ruwan iska.

'Yar Maraɗi:
Wallahi Auta ka faɗa kan na Faransawa, su ma ma'anar nasu ke nan, ruwa mai oksijin.

Malamin Kimiyya:
Haka ne, Bafaranshe ne ya gano shi, Louis Jacques Thénard, a 1818, kuma sunan da ya bi shi a ƙasarsu ke nan.

Mai Shagon Gyaran Gashi:
Auta ka rufa min asiri. In rubuta a bangon shagona ana sayar da ruwan iska? Gobe sai a turo min masu ruƙiya.

Ɗalibar Hausa:
Na so in ce ruwan kamu, tunda cewa muke lalle ya kama, rini ya kama. Sai na tuna kamun amarya da kamun koko, na janye. Amma ga wata hanya. Hausa tana gina sunan kayan aiki da ma- a farko da -i a ƙarshe: mataji, mabuɗi, marufi, madubi. Tunda Malam ya ce ruwan nan koɗar da launin gashi yake yi, sai a ce makoɗi. Gajere ne, kuma yana ɗauke da gargaɗi a cikinsa. Mahaɗi ya yi sanyi da yawa. Wadda ta ji mahaɗi za ta zaci irin na abinci ne, in ka so ka ƙara, in ka so ka rage, in babu ka sa wani abu a madadinsa.

Hajiya Babba:
Jikata, makoɗi yana da mai shi. Shi ne abin da ake koɗa dutsen niƙa da shi in ya yi sulɓi. Ku 'yan zamanin inji ba ku san shi ba, amma a ƙauye har yanzu in kika ce makoɗi dutse za a miƙo miki.

Ɗalibar Hausa:
To Hajiya, makoɗi ya fita. Amma maganata kan sanyin mahaɗi tana nan.

Mai Lalle:
Ni ban ga abin wahala ba. Haidirojin muke cewa, kowace mai zanen baƙin lalle ta san shi. A bar shi haka.

Malamin Kimiyya:
Ƙanwata, nan ne nake jin tsoro. Wanda kika sani na kemis ne, na wanke ciwo, tsararo kamar ruwa, kuma rauninsa ya sa mutane ba sa shakkarsa. In muka ba su suna ɗaya, wadda ta saba da na kemis za ta ɗauki mai 40 da hannu ba safa. Mai 40 yana iya ƙona fatar kai. Kuma tunda kin kawo baƙin lalle: dayis ɗin da ake kwaɓawa a zana a hannu yawanci yana da sinadarin PPD, wanda shi ne kan gaba wajen kumbura fuska da fitar da ƙuraje ga wadda jikinta bai karɓe shi ba. Matar da baƙin lalle ya taɓa yi wa ƙaiƙayi ko kumburi, kada ta kusanci rinin gashi mai duhu, don karo na biyu ya fi na farko muni.

Uwar Biyu:
Ni abin da ya sa nake so a tsayar da magana tun yanzu shi ne abin da ya faru da rilaksa. A unguwarmu in mace ta ce za ta yi shamfu, man miƙar da gashi take nufi, ba sabulun wanke kai ba. Kalmar ta riga ta zauna a kan abin da ba nata ba, yanzu in ka aiki yaro sai ka yi ta bayani. Kada wannan ma ya zama haka.

Anti mai shago, tambaya kuma. Furfura ce ta fara min a goshi, kuma ni a gida nake komai nawa, kitso ma maƙwabciya ke zuwa ta yi min. Dole sai na zo shago?

Mai Shagon Gyaran Gashi:
Ba dole ba ne Maman Biyu, kuma ba zan ɓoye miki don in ci kuɗinki ba. Rufe furfura da launi mai duhu aikin gida ne. Ki sayi na kwali wanda aka riga aka auna, yawanci mai 20 ne a ciki, ki haɗa yadda takardar ta ce, a roba ba a kwanon ƙarfe ba. Ki shafa basilin a gefen goshi da kunne, ki sa safar hannu, ki duba agogo. Gashi kamar santimita 1 yake tsirowa a wata, don haka in furfurar ta sake leƙowa, sabon tsiron kawai za ki shafa wa. Masu maimaita rini tun daga tushe har baki kowane wata su ne bakin gashinsu yake bushewa yana karyewa. Ragowar da kika riga kika haɗa kuma ki zubar, kada ki toshe shi a kwalba don gobe, iskar da yake saki tana iya fasa ta.

Inda nake cewa a zo shago shi ne in za a mai da baƙin gashi ruwan zuma ko ruwan gwal, irin wanda amare ke so yanzu. Wannan sai an fara koɗar da gashin da hodar koɗarwa da mai 30, kuma mace ba ta ganin ƙeyarta. Tushen gashi ya fi saurin koɗewa saboda ɗumin fatar kai, shi ya sa mu daga tsakiya muke farawa mu bar tushe sai ƙarshe. Wadda ta yi da kanta sai ka ga tushe ya yi fari, tsakiya ja, baki yana nan baƙi. In kuma an taɓa rina gashin baƙi, wani rinin ba ya ɗaga shi, ko kwali nawa za a juye. Na lalle ya fi kowanne taurin kai, ja-ja yake komawa. Duk waɗannan sai mun yanki 'yan sili mun gwada kafin mu taɓa kan.

Mafi muni shi ne rilaksa da rini rana ɗaya. A bar aƙalla mako 2 tsakani. Gashin da aka miƙar kuma ni ba na sa masa hodar koɗarwa ko nawa za a biya ni, don a mataji zai ƙare.

Almajirin Zaure:
Tunatarwa kawai, tunda an zo kan furfura. A hadisin da Muslim ya ruwaito, ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza launin amma a nisanci baƙi. Malamanmu na Malikiyya suna karhanta baƙi wuluk. Lalle da launin ƙasa-ƙasa mai duhu ba su shiga ciki ba.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri Malam. Ƙasa-ƙasa zan saya.

Ɗalibar Hausa:
Mu dawo kan kalma. Na lura Anti da kanta, da take ba Maman Biyu amsa, ba ta ce dibelofa ko sau ɗaya ba. Mai 20 ta ce, mai 30 ta ce. Ke nan lambar ce take ɗauke da nauyin maganar. In haka ne na yarda da mahaɗi, da sharaɗin kada a taɓa faɗinsa tsirara. Mahaɗin rini lamba 20. Mahaɗin rini lamba 30. Da zarar mace ta ji akwai lamba, ta san akwai bambanci, za ta tambaya.

Malamin Kimiyya:
Ni da na fi son a ce ruwan tada rini, don ya fi kusa da aikin da yake yi, kuma marina ma cewa suke karofi ya tashi. Amma na san kalma uku ba za ta rayu a bakin kasuwa ba. Mahaɗi ya riga ya zauna a bakin mata, sai a ɗora masa lamba. Roƙona ɗaya: koɗewar da ƙanwarmu Ɗalibar Hausa ta kawo kada a yar da ita. A ba wa hodar. Masu shago suna ce mata bilic, mutane kuma in sun ji haka man bilicin na fata suke tunawa. A ce hodar koɗe gashi.

Jikan Marina:
Toka ta faɗi zaɓe. Ba komai, an dai ambaci karofi.

'Yar Maraɗi:
Mahaɗin rini zai tafi a nan ma, don masu lallenmu mahaɗi suke cewa. Robobin da ke zuwa mana an rubuta 20 vol, 30 vol, lambar iri ɗaya ce da taku.

Mai Shagon Gyaran Gashi:
Alhamdu lillahi, na gode ƙwarai. Ga abin da zan manna, a duba min:

"Rinin gashi ba ya aiki sai da mahaɗinsa. Mahaɗin rini lamba-lamba ne. Lamba 10 na ƙara duhu ne, lamba 20 na rufe furfura. Lamba 30 da lamba 40 da hodar koɗe gashi ba na gida ba ne. Kafin kowane rini, a shafa kaɗan a bayan kunne a jira awa 48. In ya yi ƙaiƙayi, ja ko kumburi, a fasa. Kada a yi rini da rilaksa rana ɗaya."

Hajiya Babba:
Ya yi, 'yata. Amma ki cire awa 48 ɗin nan ki sa kwana 2, ba mai zama ƙirga awa. Kuma ki ƙara cewa ko wadda ta saba rini ta gwada, don na ga Malam ya ce karo na biyu ne mai muni.

Malamin Kimiyya:
Daidai ne Hajiya, jiki yana iya ƙin rinin da ya shekara yana karɓa. A rubuta "ko kin saba". Anti, ki buga kwafi biyu ki kai wa masu sayar da kayan kwalliyar layinku, tunda a hannun yaransu ake karɓo robar.