Mai gida na cewa albarka, mai saye na juyawa: cinikin gidaje a Filato da Marware

Ɗan Yalwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa saye ko sayar da gida a nan Garwa ta Kamaru, musamman unguwannin Filato, Marware da gefen Rumde Ajiya, su faɗa mana abin da suka gani da idonsu. Ƙanena yana neman gidan zama, kuɗinsa a hannu, amma duk inda dillali ya kai shi, abin da ake yanka masa ya kusa ninka abin da ya tanada. Kuma gidajen ba sa fita. Akwai wanda aka rubuta "na sayarwa ne" a jikin katanga har fentin ya koɗe, mai shi bai rage ko sisi ba.

Dillali, Rumde Ajiya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tun 2022 kawunan masu gidaje suka canza. Da aka kawo gasar cin kofin Afirka, Najeriya da Masar suka buga a filin Rumde Ajiya, aka gyara tituna, kuma a shekarar aka ƙirƙiro Jami'ar Garwa. Daga nan kowa ya ɗauka filinsa ya zama zinariya. Matsalar ita ce mai gida yana jin kuɗin da maƙwabcinsa ya nema, ba ya jin nawa aka sallama. Maƙwabci ya ce sefa miliyan 60, an ƙare a 42 cikin ɗaki, amma a majalisa 60 ɗin ake maimaitawa. Idan na gaya masa gaskiya sai ya ce na haɗa baki da mai saye, alhali la'adata ma tana ƙaruwa ne in kuɗin ya ƙaru.

Hajiya, Marware: Ku saurari namu ɓangaren ma. Maigidana ya rasu ya bar gida ɗaya da 'ya'ya a ɗaki biyu. In an sayar, a fitar da bashi, mu matan mu raba tumunin takaba, sauran a kasa wa yara. Mai saye yana kallon bango da kwano, ni kuwa ina lissafin ko kason kowane yaro zai saya masa ko da fili a Jambutu. Wani ya shigo da takalminsa har uwar ɗaki, ya ƙwanƙwasa silin da makullin mota, ya ce rushewa zai yi, fili kawai yake saye. Wallahi ko da tayinsa ya kai, a ranar ba zan iya sallama masa ba. Darbejiyar tsakar gidan marigayi ne ya dasa ta da hannunsa.

Magini, Lainde: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ni abin da nake gaya wa masu saye, kafin ka raina kuɗin da aka faɗa, je ka yi lissafin gina irinsa yau. Siminti a Figil ake yin sa, nan kusa da mu, amma bai sa buhu ya yi arha ba, balle rodi da tayil da katako da ake haurowa da su daga kudu. Su kuma masu sayarwa su sani, kuɗin da suka kashe a ado ba ya dawowa. Ka zuba tayil har jikin katanga, mai saye ya zo ya tambayi rijiyar burtsatse, da ko ɗakunan suna shan iska a watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Ɗan kasuwa mai zuwa Yola: Ni naira ce ta karya ni. Rabin jarina yana can Najeriya, na yi tayin gida a Filato a farkon 2023, muka tsaya a kan bambanci kaɗan, na ce bari in jira ya sauko. A tsakiyar shekarar naira ta faɗi, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta motsa ba. Mai gidan bai ƙara komai ba, amma kuɗina ya daina kaiwa.

Ma'aikaciya, Filato: Ba wanda ya taɓo takarda, kuma a ganina a nan rabin rigimar take. Gida mai takardar mallaka ta gwamnati, titir fonsiye, daban yake da wanda ba shi da komai sai takardar shaidar jauro ko lawan. A dokar filaye ta 1974 titir ɗin ne shaidar mallaka, kuma cinikin fili mai titir sai a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, in ba haka ba bai ƙullu ba. Da na nemi rancen gina gida, shi aka fara tambaya ta. Na ga gida mai kyau, mai shi yana neman kuɗin masu titir, da na ce ya nuna sai ya ce "ana kan yi". Na ce to mu cire kuɗin awo da na bin ofis daga ciniki, ya ce na raina shi. Wanda na saya a ƙarshe ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi tsada, amma sunan mai shi ne a takarda, kuma duk magadan sun zo sun sa hannu.

Dattijo, Kollere: 'Yata ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: ku je ganin gida a watan Agusta. Mu da muka ga ambaliyar Binuwai ta 2012 mun san dalilin da tudu ke tsada. Gidan da aka nuna maka da rani a kwari, duba gindin katanga, in ruwa ya taɓa kwanciya za ka ga layinsa ko an shafe da sabon fenti. Kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai ka zauna da maƙwabta biyu ba tare da dillali ba.

Ɗan Yalwa: Na gode ƙwarai, Baba, zan isar masa. Malam dillali, in akwai wanda ka san an sallama kwanan nan a Marware, mai ɗaki huɗu da titir, ka taimaka ka faɗa mini a keɓe nawa aka ƙare. Hajiya, in ba damuwa, ƙanena zai so ya zo ya gaishe ki ya ga gidan. Zama zai yi da iyalinsa, ba rushewa ba.