"Bouncer" da Hausa: na tsaya a kan ƙaton ƙofa

1/ Ina fassara bayani kan binciken da Dick Hobbs na Jami'ar Durham da abokan aikinsa uku suka fitar a 2003, kan mutanen da ke tsare ƙofar gidajen rawa da mashaya a Ingila. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "bouncer". Matasanmu suna cewa bawunsa, musamman yanzu da ake ɗauko su wajen dinar biki a Kano da Abuja. A rubutu fa?

2/ Mai gadi bai yi ba. Da ka faɗe shi, abin da zai zo a ran mutum shi ne dattijo a kan benci da tocila da sanda. Dogari kuwa na sarki ne, kada mu kai shi mashaya.

3/ Wani ya ce ɗan daba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Manchester ta shekarun 1990 gungun 'yan daba sun yi ta rikici kan riƙe ƙofofin gidajen rawa, domin wanda ya riƙe ƙofa shi ke yanke wa zai sayar da ƙwaya a ciki. Amma a yi wa kowa kuɗin goro zalunci ne. Wani mai bincike, David Calvey, ya yi wata 6 yana aikin tsaron ƙofa a Manchester ba tare da abokan aikinsa sun san bincike yake yi ba, Simon Winlow ma ya yi shi a arewa maso gabashin Ingila. Abin da irin wannan bincike ya nuna: cikin dare 'yan sanda kaɗan ne, mashaya dubbai, sai masu kulob suka ɗauko ƙarti su zama hukuma. Jiki shi ne jarinsu. Galibin aikin ba duka ba ne, kallo ne da magana: a dubi takalminka da idonka, a ce yau ba ka shiga.

4/ Bayan wata doka da Birtaniya ta yi a 2001 aka wajabta musu lasisi, hukuma kuma ta ba su suna mai tsabta wanda Hausarsa mai tsaron ƙofa ne. A takardar gwamnati ya wadatar, sai dai ya ɓoye ƙirjin da damtsen.

5/ Shi ya sa na zaɓi ƙaton ƙofa, jam'i ƙattin ƙofa. Ba za a ɗauka girman ƙofa ake nufi ba, tunda da ita ce sai a ce ƙatuwar ƙofa. To a nan gizo ke saƙar: akwai mata a sana'ar, kuma mace ba za ta yarda a kira ta ƙatuwar ƙofa ba. Ita a bar mata mai tsaron ƙofa, sai in wani yana da wadda ta fi.